Kuloci da Birki: Linzamin da Masu Wasan Babur a Abuja Suka Yi wa Riƙon Sakainar Kashi

Gabatarwa

Titunan Abuja fuska biyu gare su. Daga Litinin zuwa Juma'a cunkoso ne da ham ɗin motoci, musamman a kan hanyar Nyanya da ta Kubwa da ta Lugbe, inda ma'aikata ke kwarara cikin gari da safe su koma da yamma. To amma daga yammacin Juma'a zuwa Lahadi sai gari ya yi fayau, manyan tituna su zama kamar an share su. A wannan lokaci ne mai tafiya kan ji rugugin babur daga nesa, kafin ya waiga saurayi ya gifta shi, tayar gaba a sama, ta baya kaɗai ke taɓa kwalta. Wannan shi ake kira wasan babur, wasu kuma su ce wasan ganganci. Ana ganin irinsa a wajen rakiyar ango da amarya, da gangamin 'yan siyasa, da ranar da ɗalibai suka gama jarrabawar ƙarshe.

Mutane sun kasu biyu a kan wannan wasa. Akwai masu tafi da sowa, akwai kuma masu cewa a kama su duka a ɗaure. A nawa ra'ayin, dukkan ɓangarorin biyu sun tsallake ainihin maganar. Wasan babur fasaha ce da ake koyo, kuma ginshiƙinta shi ne sarrafa kuloci da birki. Samarinmu suna koyon rabin wannan fasaha, wato yadda ake ɗaga babur, su bar rabin da rai ya rataya a kansa, wato yadda ake sauke shi. Sa'an nan suna yin koyon a kan titin jama'a, inda kuskurensu kan faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba. A kan haka wannan ɗan rubutu zai yi tsokaci.

Gaɓoɓi Huɗu, Aiki Biyar

Kafin a yanke wa abu hukunci, ya kyautu a san yadda yake. Mai tuƙa babur mai giya yana aiki da hannuwansa biyu da ƙafafunsa biyu a lokaci guda. Hannun hagu na kuloci ne. Ƙafar hagu ta giya ce. Ƙafar dama ita ke taka birkin tayar baya. Hannun dama kuwa aiki biyu gare shi: shi ke murɗa totur, shi ne kuma ke matsa birkin tayar gaba. Ke nan gaɓoɓi huɗu ne ke ɗauke da aiki biyar.

Kuloci shi ne ɗan tsakani da ke haɗa ƙarfin inji da tayar baya, ko ya raba su. A cikinsa akwai faya-fayai da aka jera, galibi suna jiƙe da man inji, waɗanda ke manne wa juna. Idan aka matse mariƙin kuloci har ƙarshe, faya-fayan sun rabu, inji na ta juyi amma taya ba ta samun komai. Idan aka sake shi gaba ɗaya, sun manne, duk abin da inji ya bayar taya ta karɓa. Tsakanin waɗannan biyun akwai wani ɗan taƙi, wanda bai fi faɗin yatsa ba a tafiyar mariƙin, inda faya-fayan ke gogar juna, sun fara kamawa amma ba su gama ba. Ni ina kiran wannan wuri gaɓar kamu. Duk wanda ya taɓa koyon babur ya san ta, domin a nan ne babur kan mutu wa ɗan koyo ko ya fizge shi. Gwani kuwa a nan yake zaune: da yatsa ɗaya ko biyu yake auna wa taya ƙarfi kamar mai auna gishiri a miya.

Birki ma biyu ne, kuma aikinsu ba ɗaya ba. Idan babur zai tsaya, nauyinsa da na mahayinsa kan tunkuɗa gaba, tayar gaba ta danne ƙasa sosai, ta baya kuwa ta yi sakayau. Shi ya sa masu koyar da tuƙi ke cewa wajen kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa daga birkin gaba yake fitowa. Sai dai wannan birki ba ya son cafka. Idan aka damƙe shi farat ɗaya kafin nauyi ya sauka a kan tayar, sai ta ƙulle ta zame, mahayi ya sha ƙasa. Ana matsa shi ne a hankali da farko, sa'an nan a riƙa ƙarawa, kamar mai matse lemon tsami.

Hawa da Sauka

To yaya tayar gaba ke tashi sama? Mai wasa kan matsa kuloci kaɗan yana cikin tafiya, inji ya samu sarari ya ƙara juyi, sa'an nan ya saki. Wannan ƙarfi da ya taru sai ya faɗa wa tayar baya lokaci guda, ta tura gindin babur gaba da saurin da ya fi na sauran jikinsa, sai kai ya ɗaga. Yaro mai ƙarfin hali zai iya gano wannan cikin 'yan kwanaki, domin ba wani sirri ba ne.

Sirrin yana ga abin da ke biyo baya. Yayin da kai ke ɗagawa, akwai wani matsayi da nauyin babur da na mahayi ke daidaita a kan tayar baya, bai rinjaya gaba ba bai rinjaya baya ba. Idan aka wuce wannan matsayi ko da kaɗan ne, babur zai kife ta baya, mahayi ya faɗi da ƙeya ko da gadon baya, wani lokaci ma babur ɗin ya biyo shi ya danne. A wannan hali birkin gaba ba shi da amfani, tunda tayarsa tana iska. Juya kan babur ma ba ya sauya alƙibla. Abu guda da ya rage shi ne ƙafar dama. Da an ɗan taɓa birkin baya, kan babur zai sauko nan take. Don haka doka ta farko a wajen ƙwararrun masu wannan wasa ita ce, ƙafa ba ta barin kan birkin baya muddin tayar gaba tana sama.

A nan ne ɗan koyo ke halaka. Idan tsoro ya kama mutum, jikinsa kan yi abin da ya saba ne. Wanda bai horar da ƙafarsa ba, da ya ji babur na neman wuce masa, sai ya zare ƙafafu daga matakai yana neman ƙasa. Da ya yi haka jikinsa ya zame baya, hannunsa na dama ya ƙara murɗa totur ba da niyya ba, abin da yake gudu ya same shi. Saboda haka ne ƙwararru ke fara koyar da sauka kafin hawa: a ɗaga tayar taƙi ɗaya a taka birki, a sake ɗagawa a sake takawa, sau ɗaruruwa, har ƙafa ta riƙa yi ba tare da jiran umarnin ƙwaƙwalwa ba. Baburan da aka keɓe don wannan wasa ma har ƙarin mariƙin birkin baya ake sa musu a hannun hagu kusa da kuloci, don kada mahayi ya rasa shi in ya miƙe tsaye a kan sirdi. Ana kuma sa musu ƙarafan kare inji, da babban faifan haƙora a tayar baya domin wasan ya yiwu cikin tafiyar sannu. Wannan na nuna mana cewa masu sana'ar da gaske gudu suke ragewa.

Akwai kuma salon da ake ɗaga tayar baya, babur ya tsaya a kan ta gaba. Shi kuwa kacokan aikin birkin gaba ne: a matsa a hankali har gindi ya tashi, in ya nemi wucewa a sassauta. Wanda ya ƙara damƙewa don firgita, ta kan babur zai wuntsila ya faɗi da fuska. Ko ta wace fuska aka duba, wanda ya iya birki shi ne mai wasa.

Darasi Daga Bakin Doki

Wannan magana ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Mu duba hawan salla a Kano ko Katsina ko Zazzau, musamman jafi a ranar Hawan Daushe. Mahaya kan taso a sukwane daga nesa, su nufo inda Sarki yake, sai sun zo daf su ja linzami, dawaki su yi zamiya su tsaya cik, a ɗaga hannu a yi jinjina. Me jama'a ke yi wa sowa a nan? Sukuwa kowane doki ya iya ta, ko an ɗora masa buhu zai yi gudu in an tsorata shi. Abin kallo shi ne tsayawar. Mahayin da dokinsa ya kwashe shi ya afka cikin 'yan kallo, ba wanda zai kira shi barde, abin kunya ya jawo wa gidan da ya fito. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan salla na Kano cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su, kuma wannan ladabi na hannu da linzami yana cikin abin da ya sa hawan ya zama abin kallo.

Idan muka kwatanta, totur shi ne ƙaimi, kuloci da birki su ne linzami. Ba a ba yaro ƙaimi sai ya san riƙon linzami. Ɗan sarki ko ɗan hakimi kan fara ne da ƙilisa, da wani babba riƙe da ragama, a fili, shekara da shekaru, kafin a bar shi ya yi jafi. Uku ke nan: akwai malami, akwai fili, akwai mataki-mataki. Babur ya shigo ƙasar Hausa ya karɓi matsayin doki a zukatan samari, amma waɗannan abubuwa uku ba su biyo shi ba. Malamin yaro a yau shi ne abokinsa ko bidiyon minti ɗaya a TikTok, wanda ke nuna hawa ya yanke faɗuwa.

Halin da Ake Ciki a Abuja

An ƙirƙiri Babban Birnin Tarayya a 1976 zamanin Janar Murtala Muhammad, gwamnati kuma ta tare a ranar 12 ga Disamba, 1991. Gari ne da aka zana a takarda kafin a gina shi, kuma an zana shi ne domin mota: tituna masu faɗi, miƙaƙƙu, masu santsi. Hanyar filin jirgin sama da ta Kubwa kowacce tana da layi goma. Irin wannan titi yana kiran gudu.

A watan Oktoba na 2006, lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake Ministan Abuja, aka hana sana'ar acaɓa a cikin ƙwaryar birni. 'Yan acaɓa suka koma garuruwan gefe irin su Nyanya da Karu da Kubwa da Dei-Dei da Gwagwalada. Tun daga nan ake ta kame, har a 2023 ma an niƙe ɗaruruwan baburan da aka ƙwace. Wannan ya sa masu wasan babur a Abuja suka zama aji biyu. Akwai yaran gefen gari masu ƙananan babura irin Bajaj Boxer, mai inji sisi 100 da ƙarfin doki takwas ko makamancin haka, birkinsa na waya da sanda. Akwai kuma 'ya'yan masu hali a Maitama da Wuse da Gwarinpa, masu manyan babura da injinsu ke kai sisi 600 zuwa 1,000. Mafi ƙarfi a cikinsu na kai ƙarfin doki 200, kuma yana iya tashi daga tsaye ya kai gudun kilomita 100 a sa'a cikin kimanin daƙiƙa uku. Irin wannan babur ko kuloci ba a taɓa ba, murɗa totur kaɗai ya isa ya ɗaga kansa.

Kwalta ba ta san aji ba. A ƙarshen Disamba na 2017 ƙasa baki ɗaya ta ji labarin haɗarin babur da ɗan Shugaban Ƙasa na wancan lokaci ya yi a Gwarinpa, inda ya samu rauni a ka da karaya. Ya samu kulawar manyan likitoci, har aka fita da shi waje, ya kuma warke. Yaron Dei-Dei da irin wannan ya same shi, iyayensa ne za su sayar da gona, in ma ya kai asibiti da rai.

Bari mu ɗan yi lissafi. Mai gudun kilomita 40 a sa'a yana cin mita 11 a kowace daƙiƙa. Mai gudun 100 yana cin kusan mita 28. Haka kuma idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki ke bukata kafin babur ya tsaya ninkawa yake yi sau huɗu. Wato idan, a misali, mita 10 ta ishe ka tsayawa a gudun 40, to a gudun 80 sai mita 40. Yanzu a ƙara da cewa mai wasa tayarsa ta gaba tana sama. Birkin da ya fi ƙarfi ba ya aiki sai tayar ta sauko ta zauna, tankin mai ya tare masa ganin abin da ke gabansa, da dare kuma fitilarsa sama take haskawa. Mai tallar gyaɗa da ta zo tsallaka titi, ko almajiri, ko tsohon da ya fito daga masallaci, me suka yi da za a saka ransu cikin wannan caca? Wanda ya zaɓi wasa da ransa daban, wanda ya haɗa da na wasu daban. A kan wannan ba ni da sassauci: titin jama'a ba filin wasa ba ne, komai ƙwarewar mutum. Gwanin ruwa ai shi ruwa kan ci.

A Hana Gaba Ɗaya?

Mai karatu na iya cewa, tunda haka ne, me zai hana a haramta abin kowa ya huta? Hujja ce mai ƙarfi, kuma uwar da ta binne ɗanta tana da haƙƙin faɗinta. Sai dai mu duba abin da hani kaɗai ya haifar. A ranar 1 ga Janairu, 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sanya hular kwano. Me ya faru? Wasu 'yan acaɓa suka kifa ƙwarya ko tukunya a ka, aka yi ta dariya har a kafofin watsa labarai na waje. Alhali bincike ya nuna cewa hular kwano ta gaskiya tana rage haɗarin mutuwa da wajen kashi 40 cikin 100, raunin kai kuma da wajen kashi 70. Doka ta zo, fahimta ba ta zo ba. Haka nan kora da kame kan sa yaro ya ƙara gudu don ya tsere, ko ya mayar da wasan tsakar dare.

Wasu ƙasashen ma suna fama da wannan. Faransa ta yi doka a watan Agusta na 2018 wadda ta tanadi ɗaurin shekara guda da tarar Yuro 15,000 ga mai irin wannan wasa a kan titi, amma har yau ba a daina kama masu yi ba. A birnin Baltimore na Amurka, inda hawan baburan jeji a titi ya zama ruwan dare tsakanin matasa baƙar fata duk da haramci, wata mata mai suna Brittany Young ta kafa ƙungiyar B-360 a 2017. Tana amfani da son babur wajen koya wa yara kimiyya da gyaran inji, tare da neman musu wurin hawa da ba titi ba. A Afirka ta Kudu, wasan juya mota da ya taso daga unguwanni irin su Soweto ya koma wasa mai filaye da shinge da tikitin shiga. A Japan kuwa, a 2017 wani mai suna Masaru Abe ya yi tafiyar fiye da kilomita 500 a kan taya ɗaya, cikin kimanin sa'o'i 13. A rufaffen fili ya yi, kuma in aka raba nisan da lokacin, gudunsa bai wuce kilomita 40 a sa'a ba. Wannan ita ce gwaninta: daidaito da haƙuri.

Shawarwari

Na farko, Hukumar Babban Birnin Tarayya ta keɓe fili mai shinge don wannan wasa a ranakun ƙarshen mako. Abuja ba ta rasa sarari ba. Harabar ajiye motoci ta babban filin wasa na ƙasa, wanda aka gina don gasar wasannin Afirka ta 2003, misali ce ta irin wurin da ake nufi. A yi wani a Kubwa ko Gwagwalada domin yaran gefen gari.

Na biyu, shiga fili ya zama da sharaɗi: lasisin tuƙa babur, shekara 18, hular kwano, safar hannu, takalmi mai rufe idon sawu, da babur da makaniki ya duba birkinsa da wayar kulocinsa da tayoyinsa. Jarrabawar farko ta zama ta tsayawa. Wanda bai iya tsayar da babur a kan layin da aka zana ba, kada a bar shi ya ɗaga taya.

Na uku, idan an samar da fili, to wanda aka kama yana wasa a kan titi a hukunta shi ba sani ba sabo, ko ɗan wane ne. Dokar da ke niƙe Boxer ta ɗauke kai daga babur na miliyoyin Naira ba za ta samu biyayya ba.

Na huɗu ya shafe mu ɗaliban harshe. Yawancin yaran da ke kan ƙananan babura a kewayen Abuja da Hausa suke magana, da ita suka koyi tuƙi, da ita za a iya gyara musu shi. Mu lura da yadda ake kiran birkin baya birkin ƙafa, na gaba kuma birkin hannu. Sunayen sun faɗi gaɓar da ke aiki, amma ba su faɗi tayar da ke kamawa ba, balle dalilin da ya sa ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi. Na sha jin masu babur suna cewa birkin hannu kayar da mutum yake yi, don haka ba sa taɓa shi. Wanda ya yarda da haka ya zubar da mafi yawan ƙarfin tsayawarsa. Gajeren bayani cikin Hausar tasha da gareji, a rediyo ko a bidiyon waya, zai iya warware wannan. Ɗalibin da ke neman batun kundin digiri ya je ya zauna da makanikai da 'yan acaɓa, ya tattara kalmominsu na kuloci da giya da totur da birki, ya ga inda suka wadatar da inda suka bar giɓi. Aiki ne da zai amfani ƙamus, ya kuma amfani ƙashin bayan wani.

Kammalawa

Son nuna bajinta a kan abin hawa ba yau ya fara a wurin samarinmu ba, kuma ba takardar doka da za ta kashe shi. Kakanninmu ba su hana sukuwa ba, sai suka yi mata fage da lokaci da malamai, suka kuma sanya yabo a kan wanda ya iya tsayawa. Abin da nake kira a yi wa babur ke nan a Abuja da sauran garuruwanmu. Ga saurayin da ke da sha'awar wannan wasa kuwa, kafin ka tambayi abokinka yadda ake ɗaga taya, tambaye shi yadda ake sauke ta. In ya kasa ba ka amsa, to ba malami ba ne, ka nemi wani. Allah Ya kiyaye hanya.